Golanmu Ba Ya Fita

Ciyaman ya san golanmu Katanga ba shi da lafiya, kuma ya sa shi a raga. Maganar ke nan. Duk wanda ya zo muku da wani bayani, ko dai bai sani ba, ko kuma ya ci a hannun Ciyaman.

Ranar wasan, matar Katanga ta fito da safe ta tarar da mijinta durƙushe a bakin makwarara yana amai. Kwanaki kaɗan kafin nan, a wajen atisaye ne ya yi tsalle zai cafke ƙwallo, kansa ya daki turken raga. Ya miƙe yana dariya, aka tafa masa. Da ciwon kai ya ƙi sauka, ta matsa sai da suka je asibiti. Likita ya haska idonsa da 'yar fitila, ya ce a yi hoton kai, kuma kada ya kuskura ya shiga fili sai an ga sakamako. A gaban Ciyaman, shugaban kulob, aka faɗi haka, domin shi ya kai su a motarsa. Ya ce wa likita, "An gama, ranka ya daɗe." Suna fita ya ce hoto sai bayan wasa.

"Baban 'yan biyu, ba za ka je ba," in ji ta.

"Abincin jiya ne bai karɓe ni ba." Ya kurkure baki. "Ina safar hannuna?"

"Tana cikin jaka."

Ya zauna ya ɗaura takalmi, ya shafa kan yaran. Sannan ya ɗago ya dube ta. "Ina safar hannuna?"

Ta dubi jakar, ta dube shi. Kafin ta sami bakin magana, motar kulob ta yi oda a ƙofar gida, ya saɓi jaka ya fita. Ta ga kafaɗarsa ta gogi bakin ƙofa, ƙofar da ya shekara da shekaru yana wucewa.

Garin ƙarami ne, ba shi da abin nunawa sai kulob. Ma'aikatan masaƙa ne suka kafa shi tun zamanin kakanni. Masaƙar ta mutu, kulob ya rage. Kofi ɗaya tak ya taɓa ci, amma yana da abin da manyan birane ba su da shi: tun da ya hau babban rukuni bai taɓa saukowa ba. An rubuta haka da jan fenti a bangon filin wasa, BA MU TAƁA FAƊUWA BA, kuma duk shekara sai an sabunta rubutun, ko da ba a biya 'yan wasa albashi ba. Yau wasan ƙarshe ne. In sun yi canjaras sun tsira, in an ci su sun faɗi.

Akwai kuma al'ada ta biyu, wadda ta fi ta farko muni. A shekarun baya wani gola ya karye a hannu ana tsakiyar wasa, ya ɗaure hannun da tsumma ya ƙarasa, ba a ci shi ba. Daga ranar ake kiransa Mai Hannu Ɗaya, daga ranar kuma ba a sake canza gola a kulob ɗin ana cikin wasa ba. Golanmu ba ya fita, haka suke rerawa. Gola na biyu kuwa har suna aka sa masa, Mai Gadin Benci. Mutane masu hankali, masu iyali, sun mayar da karayar wani bawan Allah doka.

Ta kai yaran gidan yayarta, ta bi ta kasuwa ba ta ko buɗe shagon ɗinkinta ba. Ko'ina jar riga.

"Matar Katanga! Ki gaya masa yau ko ƙuda kada ya wuce!"

Mahaucin da ke kusa da shagonta yana wasa wuƙa, ya washe baki. "Maƙwabciya, in ƙwallo ta shiga ragar nan, mun san gidanku fa."

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi yaƙe. Ba ta manta ba, bara wani ɗan baya ya ci gida bisa kuskure, aka farfasa masa tagogi, matarsa ta gudu da jariri ta katangar baya.

Daga nan ta wuce ofishin Ciyaman, da ke filin wasa ƙarƙashin rumfar manyan baƙi. Kofin yana kan kabad, gefensa a lotse, kunne ɗaya an yi masa walda. Hotunan tsofaffin 'yan wasa sun cika bango, nasa hoton ya fi kowanne girma, alhali bai taɓa buga ƙwallo ba.

"A'a, ƙanwata ce? Ku ba ta kujera."

Ba ta zauna ba. "Ranka ya daɗe, amai yake yi tun asuba. Yana tambayar abu ɗaya sau biyu. Kai ma ka ji abin da likita ya ce."

"Likitoci ai haka suke, ko tuntuɓe ka yi sai su ce hoto." Ya nuna bangon. "Kin ga mutanen nan? Duk sun riƙe amana sun wuce. A hannuna kike so abin ya zube? A ce a zamanin wane aka faɗi?"

"Ga gola na biyu."

"Wannan yaron? Ko lemo aka jefa masa sai ya faɗi." Mutanen ofis suka yi dariya. Ya rage murya. "Ƙanwata, gidan da kuke ciki na waye?"

"Na kulob ne."

"To, madalla. Je ki yi masa addu'a."

A baranda ta ci karo da koci. Ta buɗe baki, ya kawar da kai. "Ni ma ɗaukata aka yi aiki," ya faɗa a hankali, ya wuce. Wannan shi ma ya sani, shi ma ya yi shiru.

Ba ta da tikiti, sai ta zagaya ƙaramar ƙofar ƙarfe ta 'yan wasa. Mai gadin ƙofar shi ne Mai Hannu Ɗaya da kansa, ya tsufa, ya rame, hannun dama a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya gane ta, ya matsa mata ta tsaya jikin ƙarafan, inda ake hango fili.

Aka busa usur. Duk ƙwallon da ta doshi ragar mijinta sai ta ƙanƙame ƙarafan. Sau ɗaya ya fita zai kama, ya kama iska, ƙwallo ta daki gwiwarsa ta fita. Filin ya ɗauki ihu, wai gwaninta ce. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Ya wuce ta gabanta, tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba, ta kira shi, bai waiwayo ba.

Bayan an dawo baƙi suka sami bugun kwana. Ƙwallo ta taso, Katanga ya tashi, wani dogon ɗan gaba ma ya tashi, kawunansu suka haɗu. Har inda take ta ji ƙarar. Katanga ya faɗi, ya daɗe, sannan ya miƙe ya dafa raga, ya tsaya yana kallon 'yan kallon da ke bayansa, ya ba fili baya. Alƙalin wasa ya je ya yi masa magana. Katanga ya ɗaga babban yatsa. Gola na biyu ya miƙe daga benci, Ciyaman ya leƙo daga rumfa ya yi wa koci alama da hannu, yaron ya koma ya zauna.

Sai waƙar ta tashi daga kowane gefe. Golanmu ba ya fita! Golanmu ba ya fita!

Ta juya ga tsohon. "Baba, kai ka ja mana wannan."

"Ni?" Ya dube ta da jajayen idanu. "'Yata, mu goma sha ɗaya cif muka je wasan nan a bayan motar itace. Ba benci, ba canji. Kuka na yi kamar yaro, ina roƙo a fitar da ni, babu mai shiga. Na faɗa na faɗa har na gaji, ba mai son ji." Ya ɗaga lanƙwasasshen hannun. "Da hagu nake cin abinci har yau. Ni hannu ne. Shi kai ne."

Ya zare sakata.

Ta tsaya. Ta tuna mahauci da wuƙarsa, ta tuna tagogin da aka fasa, ta tuna gidan na waye. Can ta hango mijinta ya sunkuya yana laluben wani abu a ciyawa, babu komai a wurin. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta shiga.

Ba ta taɓa sanin fili yana da faɗi haka ba. Da farko dariya aka yi. Da aka gane ko wace ce da inda ta nufa, dariyar ta koma wani abu daban. Ledar ruwa ta fashe a kafaɗarta. Dutse ya wuce ta gefen kunnenta, wani ya same ta a ƙwauri. Ana zaginta, ana zagin iyayenta, kuma cikin muryoyin akwai waɗanda ta ɗinka wa matansu kaya. Ba ta gudu ba, domin ta san in ta fara gudu baya za ta yi. Usur yana ta ƙara, 'yan wasa sun tsaya cirko-cirko.

Ta isa ta kama hannunsa. "Baban 'yan biyu, zo mu tafi."

Ya dube ta da ladabi. Ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗaya girma.

"Baiwar Allah," in ji shi, "'yan kallo ba sa shigowa nan."

Ta saki ƙara. Alƙalin wasa ya iso da 'yan sanda biyu za su janye ta, ta riƙe rigar mijinta gam. "Mijina ne! Bai gane ni ba! Likita ya hana shi wasa, kansa ya bugu tun a atisaye!"

Alƙalin ya ɗaga hannu ya tsayar da 'yan sandan. Ya tambayi Katanga da wa suke wasa. Katanga ya yi murmushi, ya tambayi ina safar hannunsa, alhali tana hannunsa. Alƙalin ya yafito masu gadon ɗaukar marasa lafiya.

Sai ga Ciyaman ya sauko har bakin layi, hula a karkace, kwamishinan wasa na biye da shi yana ƙoƙarin tare shi.

"Ba inda za shi! Hoto ne kawai likitan ya ce, na ce a bari sai an tashi! Minti nawa ya rage? Mutuwa zai yi?"

Kwamishinan ya tsaya cak. "Ka ce likita ya ce me?"

Katanga ya yi amai a kan farin layi, gwiwoyinsa suka saki.

A cikin motar asibiti ta riƙe kansa a cinyarta. Dutse ya tsaga gilashin baya, direba bai tsaya ba. Tana jin numfashinsa yana ja yana tsayawa, duk tsayawar sai ta ce shi ke nan. A asibiti likitan nan ya ɗaga fatar idonsa, ya dube ta, bai yi mata faɗa ba, ya ce a buɗe ɗakin tiyata, jini ne ya taru a cikin kai.

Ta zauna a bencin baranda ba takalmi, ba ta san inda ta yar da su ba. Jinin ƙwaurinta ya bushe. Duk wanda ya shigo da jar riga sai ta matse jikin bango, tana zaton ita aka biyo. Wani mai jinya yana sauraron rediyo a ƙarshen baranda, sai ya daka tsalle. An tashi canjaras. Mai Gadin Benci ya shiga, har fanareti ya kaɗe. Daga titi aka fara jin oda da ganguna. Garin yana murna, ba wanda ya zo ya tambayi Katanga, sai tsoho mai hannu ɗaya, wanda ya iso a ƙafa riƙe da takalmanta.

Rana ta kusa faɗuwa likita ya fito ya ce an dace, da an ƙara jinkiri kaɗan da wani zancen ake yi. Zai rayu. Ƙwallo kuwa ya gama.

Da ya farfaɗo, kansa naɗe da bandeji, ya daɗe yana kallonta.

"Maman 'yan biyu," ya ce da ƙyar. "Ta shiga?"

"Ba ta shiga ba."

Ya lumshe ido. Ta kifa kai a gefen gadon, sai a lokacin kuka ya zo mata.

Murnar garin ba ta daɗe ba. Hukumar ƙwallo ta zauna, ta saurari kwamishina da likita da koci, wanda bakinsa ya buɗe da ya ga ruwa ya ƙare. Saboda sa marar lafiya a wasa da jifan da aka yi, aka zaftare wa kulob maki, ya faɗi. Aka shafe rubutun bango da farin fenti. Ciyaman kuwa an haramta masa shiga kowane filin wasa har ƙarshen ransa, kotu ta ɗaure shi shekara biyu.