Kafin Mai Kira Ya Ajiye Waya

Wani guntun baƙin salatif na gani manne a kan na'urar, ya rufe ɗaya daga cikin maɓallanta. Muna ɗauke da teburin ne ni da Anti, za mu matso da shi bakin gado, domin mijinta ya ce a kawo masa kayan aikinsa inda hannunsa zai kai.

"A hankali, 'Yar Jami'a," in ji shi. "Abin nan ya girme ki."

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da nasu, tun ina firamare nake jin kiɗansa. DJ ne a wani gidan rediyo, kowa kuma Mai Kunne yake ce masa. A shirinsa na rana, mai sauraro zai bugo waya ya ambaci waƙoƙi biyu da ba su haɗa dangi ba, ɗaya mai gudu, ɗaya mai jan ƙafa, shi kuma ya daidaita bugunsu har su tafi tare kamar waƙa guda. Alfaharinsa shi ne yakan gama kafin mai kiran ya ƙare miƙa gaisuwa ya ajiye waya. Na'urar tana da maɓallin da ke yin wannan aiki da kanta, amma shi maɓallin ragwaye yake kiransa. A na'urarsa ta gida, shi ne wanda ya rufe da salatif.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ya shigarsa. Sai dai abin da ya sa ya nemi kayan aikinsa ba ciwon ba ne, zuwan Dogo ne.

Dogo shi ke kula da na'urori a ɗakin watsa shirin, kuma a hannun Mai Kunne ya koyi aiki. Kwana ɗaya kafin nan ya zo dubiya. Ina shanya a tsakar gida, taga a buɗe, na ji komai.

"Oga, ba ni na ce a sauke ka ba. Manaja ne ya tambaye ni, ni kuma ba zan yi masa ƙarya ba."

"Ya tambaye ka me?"

"Wa ke haɗa waƙoƙin."

"To, wa ke haɗa su?"

"Oga, ai tun bara kunnenka ya tafi hutu. Kai kana jan abinka, ni ina danna maɓallin nan ta ƙarƙashin hannunka. Rufa maka asiri na yi."

"Na gode. Shirin kuma wa aka ba?"

Amsar da na ji ita ce ƙarar makullan babur a hannun Dogo.

Yanzu da muka ajiye teburin, na juya zan fita, sai Mai Kunne ya nuna mini kujera.

"Zauna. Ke za ki zama mai kira. In sun zauna ki ce sun zauna, in ba su zauna ba ki faɗa."

"Baba, ni ban san kiɗa ba. Ga Anti nan."

"Antinki tun bara ta san abin da Dogo ke yi." Bai kalle ta ba. "Ke kuwa kunya ba ta barin ki ki yi ƙarya. Da kin fara sai ki hau in'ina."

Anti tana tsaye a bakin ƙofa, riƙe da kofin ruwan maganinsa.

"Rantsuwa Dogo ya yi mini babu mai ji," ta ce. "Cewa ya yi aikinka yake tsare maka. Da me zan faɗa maka, kana fama da kanka?"

"Da baki."

Na ambaci waƙoƙi biyu, na farkon da suka zo mini. Ya rataya abin sauraro a wuya, ya danna gefe ɗaya a kunne da kafaɗa, ya saki ta farko. Yatsunsa ba su tsufa ba. Ya riƙe ta biyun, ya saki, ya ɗan ja abin ƙara gudu, ya tura ta da ɗan yatsa. Ban gama gyara zama ba ya ɗaga hannu sama yana murmushi.

"Sun zauna?"

Abin da ke fitowa daga lasifika kamar mutum biyu ne ke buga ƙofa ɗaya, kowa da tasa gaggawar. Anti ta zuba mini ido. Na san abin da take roƙo. Na kalli ƙafata.

"Ba su zauna ba, Baba. Ta biyun tana gaba."

Ya sauke hannun. Ya mayar da abin sauraron ɗaya kunnen, ya sake gwadawa, na sake girgiza kai. Sai ya cire shi gaba ɗaya ya ajiye a kan matashi.

"Miƙo mini lasifikar nan."

Na ɗora masa ita a gefen cinya. Ya kifa tafin hannunsa a kanta, ya rufe ido, ɗaya hannun yana kan na'ura. Waƙar farko ta ƙare, ya dawo da ita. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. A hankali masu bugun ƙofar suka riƙa matsowa kusa da juna, har na kasa rarrabe su.

"Yanzu fa?"

"Yanzu sun zauna."

"Da tuni mai kira ya ajiye waya, ya ci abinci, ya yi barci." Ya yi dariya, tari ya katse ta. Da ya lafa sai ya ce, "Kin gani, da Dogo ya faɗa mini tun bara, da na koya da tafin hannu, ko na sauka da mutuncina. Amma ya bar ni ina ɗaga hannu kullum, suna kallona ta gilashi."

Anti ta matso da kofin. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya karɓa.

Bai sake neman na'urar ba. Kafin mako ya zagayo, wata safiya, na ji Anti tana kiran mahaifiyata ta bango da wata murya ƙasa-ƙasa, na san ya tafi.

Washegari mata sun cika ɗakin, an jingine katifar da bango don a sami wuri. Ina kusa da Anti ina zuba wa baƙi ruwa. Da rana ta take, sai rediyon mai aski da ke tsallaken titi ya shigo ta taga, da muryar Dogo a ciki.

"Shirin yau sadaukarwa ne ga ubangidana, wanda har ya koma ga Allah kunnensa bai taɓa kuskure ba. Mai kira, muna jin ka."

Wani ya ambaci waƙoƙi biyu, ya fara gaida 'yan layinsu. Bai kai suna na uku ba waƙoƙin suka hau kan juna daram.

"Allah sarki," in ji wata tsohuwa. "Kamar shi. Ya dai bar magaji."

Anti ta ajiye kofin da na miƙa mata, ba ta sha ba. Ta miƙe, ta bi ta tsakanin ƙafafun mata, ta tsaya a bakin ƙofa tana laluben takalminta a cikin tarin takalma. Da ba ta gan shi ba, sai ta fita haka.