Awon Hannun Latifa

Sau biyu Latifa tana faɗuwa jarrabawar harbi, kuma a makarantar horon soja da take ba a ba mutum dama ta huɗu. In ta sake faɗuwa ranar Laraba, sai ta tattara komatsanta ta koma Gidan Rumji, garin da aka raka ta tasha da guɗa wata takwas da suka wuce. Abin haushin shi ne a gudu ta bar maza da yawa a baya, a takarda kuwa ba a magana. Ƙaramar bindigar nan ta ɗaurawa a ƙugu ce kawai ta ƙi ta.

Da aka ba su hutun kwana uku ta zo gida, ta tarar ranar kasuwa ce. Ko kaki ba ta cire ba ta wuce rumfar mahaifinta, Malam Yahuza masassaƙi, wanda ya shekara talatin yana sassaƙa ƙotar hauya da ta gatari. Dattijon yana da wata ɗabi'a mai ba baƙi haushi: ba ya sayar wa mutum ƙota sai ya ga hannunsa. Ko daga gari mai nisa kamar Gidan Sori aka aiko ka, cewa zai yi ka koma ka turo mai noman da kansa.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zayyana masa komai, har da tsoron da take yi kada a koro ta gida. Shi kuwa bai ajiye gizagonsa ba.

"Iri nawa ne bindigogin nan naku?"

"Ukku, Baba. An jera su bisa tebur, aka ce kowa ya ɗauki tashi."

"Ke wace kika ɗauka?"

"Babbar."

"Don mi?"

Latifa da ta tashi cikin yayye maza huɗu, ta san abin da ke samun wanda ya ɗauki ƙaramar hauya ranar gayya: har damina ta zagayo ana yi masa dariya. A ajinsu kuwa mata uku ne cikin mutum arba'in. Ina za ta yarda a ga hannunta ya nufi ƙarama? Da ta faɗa masa haka, Malam Yahuza ya yi ta dariya har hularsa ta zame.

"Ashe gayya kika tahi! Miƙo hannun, ɗiyata."

Ya tsinko kaba ya auna faɗin tafin, ya auna daga gindin babban yatsa zuwa kan manuniya, ya ƙulla. Ya ce ta matse masa yatsu biyu iya ƙarfinta, ta matse har ya ce wash. Sannan ya zaɓo guntun itacen aduwa ya hau sassaƙa, yana fere, yana ba ta ta riƙe, yana karɓa ya rage. Masu sayen ƙota biyu suka gaji da jira suka tafi, ko kallonsu bai yi ba.

"Ni ban taɓa riƙa bindiga ba," in ji shi da ya gama. "Amma na ga ƙatti sun kasa gama kuyya guda a gona don ƙota ta hi hannunsu. Ki riƙe wannan, ki rufe ido, ki riƙe tasu. Wadda kika ji kamar ba ki canza ba, ita ce taki."

Ranar Litinin da safe ta tsaya gaban Ajidan Balarabe, mai kula da ɗakin makamai, ta sara masa, ta nemi izinin canza bindiga. Ya yarda, ya jera mata ukun. Sai kawai ya ga ta zaro guntun itace daga aljihu.

"Wannan fa? Tuwo za ki tuƙa mana?"

Sojojin da ke bakin ƙofa suka tuntsire da dariya. Kunya ta kama Latifa kamar ta nutse, amma ta rufe ido. Babbar ta cika mata hannu, sai ta murɗe wuyan hannu kafin yatsanta ya kai kunama. Ashe abin da ke kai harsashinta gefe ke nan. Sabuwar ƙaramar, wadda ta zaci ita ce maganin, ta yi mata siriri, tana wasa a tafi. Ta ukun wata tsohuwa ce da fenti ya goge, kowa na tsallake ta. Tana ɗauka ta ji ta zauna daram.

"Wannan ta girme ki," in ji Ajidan. Ya karɓi itacen ya jujjuya, ya gwada a nasa hannun, dariyar ta ragu. "Wa ya yi miki?"

"Babana."

Ranar Laraba aka ba ta harsashi goma, ana neman shida su shiga baƙin da ke tsakiyar allo. Takwas suka shiga. Ana sallamarsu ta ruga bayan ɗakin kwana ta kira gida, tana tsalle kamar ba soja ba.

"Baba, na ci! Takwas! Ba za a koro ni ba!"

Ta ji ya ajiye gizago, ta ji yana faɗa wa maƙwabtan rumfa, ana ta barka. Da hayaniyar ta lafa ya dawo kan waya, muryarsa ta yi ƙasa.

"Madalla, ɗiyata. Yanzu bindigar ta zama taki. Allah ya sa ki tsufa da ita ba ki taɓa ɗaga ta a kan ɗan kowa ba."

Latifa ta daina tsallen. Ta dubi hannunta, har yanzu yana warin albarushi, ta ce amin a hankali.