Leda Biyu Bayan Gobarar Kasuwa

Tela ya miƙa hannu, nas ɗin ta ga tabon allura, ta ture shi.

"Malam, kwana huɗu da suka wuce ka bayar. So kake mu kwantar da ku biyu?"

"Ki ɗiba, don Allah! Matata ce."

Tun safe matarsa ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Ledar jini biyu likita ya ce, kafin la'asar. Firijin asibitin kuwa wayam: ranar da kasuwa ta kama da wuta, gari kaf ya yi layi ya ba da jini, an ƙara wa waɗanda suka ƙone, bai ma isa ba.

Ya kira wansa. "Yaya, kana ina?"

"Haba, ba tare muka bayar ba?"

Ya kira maƙwabcinsa direba, ya kira abokan ɗinki, har surukinsa da ba sa ga maciji. Kowa ya bayar. Kai, bai taɓa jin haushin alherin mutane ba sai yau. Ya fito baranda yana tare duk wanda ya gifta, wasu su nuna masa tabon allura a hannunsu, wasu su wuce da kwanukan abinci zuwa ɗakin 'yan gobara. Tsoro ya kama shi sosai, ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

"Ɗana, lafiya?"

Wani mai sayar da takalma ne, zaune kan tabarma cikin 'yan kasuwar da ke jinyar 'yan uwansu. Rigar jikinsa ta yi masa yawa, da gani ba shi aka yi. Tela ya faɗa masa.

Mutumin ya ce, "Ranar nan muna can muna fama da wuta, ba wanda ya ɗebi namu." Ya miƙe yana naɗe hannun riga. "Kwana huɗu ana ba ni. Abinci, sutura, har sabulu. Wallahi na gaji da cewa na gode."

"Baba, biyu ake nema," in ji tela.

Mai takalma ya juya wajen tabarmar.

"Ku da kuka yi tagumi, shaguna ne suka ƙone ko har da jininku?"

Mutum uku suka fara laluben takalmansu.