Baƙin Ƙyalle a Kan Amya

…kuma har ƙararrawar tsakar rana ta buga, tagarsa a rufe. Perrine tana tsaye a ƙofar ɗakin jikanta Mathurin da kwanon miyar kabeji. Miyar ta huce, an ɗumama, ta sake hucewa. Ta ƙwanƙwasa ne? A'a. In ba a amsa ba fa?

Ita kuma Guillemette, maƙwabciya — sarkin azarɓaɓi — daga hango taga a rufe, ba tambaya, ta je ta ɗaura wa amyoyin zuma baƙin ƙyalle, wai a sanar da ƙudan an yi rashi kada su yi fushi su tashi. Rashi? Wa ya ce mata?... To amma a ƙauyen nan wa ke rufe taga da rana tsaka in ba gidan gawa ba?

Haka ungozoma ta ce ranar haihuwarsa, a kira fadan coci ya yi masa baftisma da wuri, wannan ba mai zama ba ne. Uwar ce ta tafi, shi ya zauna. Nonon akuya a tsumma, ɗigo-ɗigo... Yanzu ga shi Paris ta dawo mata da shi kamar tsinke, ga tari, ga suna wai masanin lissafi. Mutumin da ke cewa sai a kwance kansa ke aiki! Tun girbin inabi yake bin ƙusa ɗaya — ta jikin ƙafar keken doki — wai wace irin hanya take zanawa a iska in keken na tafiya. Ta ce masa hanyar kasuwa mana. Ya yi dariya, bai ci abinci ba. Jiya ma bai ci ba.

Shiru... A'a, tsaya. Ƙarr, ƙarr. Ɓera ne?

Ta tura ƙofar da gwiwa.

Mathurin ne tsaye a kan gado, cikin rigar barci, gawayi a hannu. Bangon da ta shafa wa farar ƙasa ya cika da zane, baka bayan baka, kamar tsallen kwaɗo. Hanci baƙi ƙirin. Idon nan... na uwarsa sak.

"Kaka, na kamo hanyar ƙusar nan. Babu abin taɓawa ne? Yunwa za ta kashe ni."

"Ai an riga an kashe ka a waje, ja'iri. Zauna."

Yana ci. Yana ci, hannu baka hannu kwano. Shi da ke cewa ido na ruɗin mutum, kada a yarda da komai sai an tabbatar — to ita ga nata tabbacin, burodi yana suɗe gindin kwano. Bangon kuwa, a bar shi haka. Wanda ya taɓa shi, shi da ita.

Sai a je a kwance ƙyallen nan, a ba ƙudan haƙuri, a ce musu... a ce musu me? Ya yi tari, ɗaya tak, ya miƙo kwano a ƙara. Ta karɓi kwanon, ta zauna a kujera. Ƙudan su ɗan jira mana... su jira ta gama kallonsa tukuna.