Gangar Baba Mati a Hungary

"Lasifikar nan lafiyarta ƙalau," in ji Basiru mai gyaran waya a garin Kunci. "Haka kiɗan yake. Da gangan suke sa jitar gurnani."

Muntaka ya karɓi wayarsa. Tun hantsi ya tako a ƙafa daga ƙauye, don a shekarar nan fetur ya fi ƙarfin babur, ashe wahalar banza ya sha. Jiya ne Khalilu, ɗan maƙwabcinsa Baba Mati, ya turo masa waƙoƙi daga Hungary. Karatun noma ya kai yaron can, ya ɓuge da kaɗa wa wasu samarin Turawa masu gashi har kafaɗa ganga, wannan kuma shi ne faifansu na farko. Muntaka na kunnawa ya ji kamar injin niƙa ya shaƙe, ya ce ba zai kai wa Baba Mati da ke kwance ba lafiya wannan ba sai an gyara.

Baba Mati kuwa kwana tara ke nan ko kunu ba ya zama a cikinsa. Shekara arba'in ya yi yana kaɗa wa 'yan gayya gangar noma, kuma tun da ya ji labarin faifan ba shi da wata magana sai ita. Tsoro ya kama Muntaka, kada ya koma ya tarar an shimfiɗa tabarmin makoki.

Bayan la'asar ya iso, yana haki. Ƙofar gida ba kowa sai awaki.

"Sau uku yana cigiyarka," in ji Inna Hafsatu, matar Baba Mati.

Ya durƙusa ya ajiye wayar kusa da kunnen tsohon. Kiɗan ya taso da nauyi, a hankali. Inna ta yamutsa fuska.

"Abin da ya je koyo ke nan?"

Can sai jitocin suka yi shiru, aka bar ganga ita kaɗai. Baba Mati ya buɗe ido. Yatsunsa suka fara motsi a kan tabarma.

"Kiɗan huɗa ne," ya ce da kyar. "Nawa ne. Ja'irin yaro, har yanzu hannun hagunsa na makara." Ya yi murmushi, hawaye na gangara masa cikin kunne. "Mai da shi baya, Muntaka."

Sau uku aka maimaita, har cajin ya ƙare. Daɗi da tausayi suka cika Muntaka.

Washegari da hantsi Baba Mati ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Da aka dawo daga maƙabarta, Muntaka ya ari wayar wani, ya shiga zauren mamacin ya danna saƙon murya.

"Khalilu, sai haƙuri. Ya ji, har sau uku. Ya ce ka gyara hannun hagu."

Ya ɗaga kai. Gangar na nan rataye a bango, makaɗin soke a cikin tsarkiyarta, damina ta sassauta fatar.