Ƙasar da Arzika Ya Kwaɓa

"Aje tulun nan, Labbo," in ji Arzika. "An ce kar a taɓa."

Labbo ya tsaya da tulun ruwan kwaɓa ƙasa a kafaɗa, yana duban tsagar da ta sauko daga indararo har gindin bango. Zauren maƙwabcinsa Arzika ya girmi kowa a unguwar, tun Kabawa na yaƙi aka gina shi. Wata shekara mutanen hukuma suka zo Argungu daga Sakkwato, suka kafa allo a ƙofa, suka ce ginin tarihi ne, za a turo kuɗin gyara da masana, kada kowa ya sa masa hannu. Arzika magini ne, kowace bazara shi ke yi wa zauren yaɓe da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa mai hana ruwa cin bango. Daga ranar ya naɗe hannu.

"Ginin ƙasa awa jinjiri ne," in ji Labbo. "In ba a shahe shi ba, lalacewa shikai. Damina nawa ke nan?"

"Gaban mai unguwa niy yi alkawali. In nit taɓa, su ce na ɓata, su janye."

"To bar kwana ciki, tsohon banza."

"In bar ma jemagu? Nan ubana yac cika."

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya bi tsaga, gara ta bi azara. Arzika ya sha hawa mota zuwa Birnin Kebbi, a ce masa magana tana Sakkwato. Ya dawo ya ci gaba da jiran gawon shanu.

Ran wata Laraba da hantsi Labbo ya ji ana tattaka taɓo. Ya leƙa, sai ga Arzika ya naɗe wando, yana kwaɓa ƙasa da ciyawa.

"Alkawalin fa?"

"Azara ta yi mini magana jiya. Su zo su ɗaure ni."

"To mu yaɓa yanzu. Ga hadari can gabas."

"Kai manomin albasa, mi kas sani? Sai ƙasa ta kwana ta ruɓa. Ɗanyen kwaɓi ba shi kama bango."

Hadari bai jira ƙasa ba. Washegari bayan azahar ruwa ya tsinke. Labbo yana ƙofarsa ya ga Arzika ya shiga zauren da gungumen tokara rufi. Ya ƙwala masa kira. Rugugin da ya biyo baya ba na sama ba ne.

Da fartanya da hannu aka tono Arzika daga ƙarƙashin rufin, gungumen na rungume a ƙirjinsa. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Da Labbo ya dawo, allon hukuma na tsaye, ko karkacewa bai yi ba. Gefensa ga kwaɓin Arzika, ya ruɓa daidai yaɓe. Sawun ƙafafunsa na nan a ciki, kowanne cike da ruwan sama.