Ciwon Kan Matar Dakta

Duk layin Dakta suke ce masa, alhali ko ƙofar makarantar likitanci bai taɓa takawa ba. Shagon magani gare shi, shekara goma sha biyu yana ɓalle ƙwaya yana miƙa wa mutane. Ciwon kai kuwa a wurinsa ba ciwo ba ne: biyu da safe, biyu da yamma, a kora da ruwa.

Haka ya yi wa matarsa da ta fara kuka da kanta, mako biyu bayan ta haihu. "Rashin barci ne," in ji shi. Da ƙwayar ta ƙi ci, ya canza mata mai ƙarfi. Da ta ce tana gani bibbiyu, ya ƙara wata. A kai matar Dakta asibiti kan ciwon kai? Ya sa idonsa ina a layin?

Ran kwana na shida da hantsi tana ba jaririya nono, hannunta na dama ya saki. Allah ya sa kan katifa yarinyar ta faɗa. Ta buɗe baki za ta kira shi, maganar ta fito a karkace.

A asibiti aka ɗauki hoton kanta. Likitar, wata siririya mai tabarau, ta kira shi bakin gadon. Tsoro ya cika shi.

"Jini ne ya daskare a jijiyar ƙwaƙwalwarta, yakan faru bayan haihuwa. Za mu sa mata maganin tsinka jini yanzu, amma wasu ƙwayoyin in suka haɗu da shi jini na iya ɓalle mata. Yaushe ciwon ya fara? Me ta sha?"

Matar ta yunƙura. "Yau ne," ta ce da rabin baki. "Ban sha komai ba."

Asirinsa take rufawa, da bakin da ko sunansa ba ya iya kamawa.

Katunan maganin suna aljihunsa. Shi ya kwashe su daga gefen gado da za su fito, don kada wani ya gani. Ya zaro su ya zube a gaban likita, duk an ɓalle su tas.

"Kwana shida ne, likita. Ni na ba ta."

Ta juya katunan ɗaya bayan ɗaya, ta soke wani abu a takardarta ta sake rubutu, ta miƙa wa nas da sauri. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Kai ma'aikacin lafiya ne?"

"A'a," ya ce. "Mai shago ne."